Dakatarwar Kwana 10: Inda Kuɗin Masu Sayen Hannun Jarin Kwabo na Kamfanonin Magani Ke Maƙalewa a Amurka

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta kulle duniya, kowace ƙasa tana fafutukar neman kayan gwaji, wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya mai suna Decision Diagnostics ya shiga fitar da sanarwa ɗaya bayan ɗaya. Sana'arsa ta asali ita ce sayar da 'yan tsinkayen da masu ciwon sukari ke auna jininsu da su. Amma shugabansa, Keith Berman, ya ce sun ƙera na'urar da za ta gano korona cikin daƙiƙa 15 da ɗigon jinin yatsa, ya kuma ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana dab da ba su izinin gaggawa. Daga farkon Maris zuwa ƙarshen Afrilu farashin hannun jarin kamfanin ya tashi da sama da kashi 1,500 cikin 100. Daga nan hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta dakatar da cinikinsa. Na'urar da ake ta zuzutawa kuwa babu ita. Berman ya amsa laifinsa a ƙarshen 2023, a watan Afrilun 2024 kotu ta ɗaure shi shekara 7, ma'aikatar shari'ar Amurka kuma ta ce asarar masu zuba jari ta kai kimanin dala miliyan 28.

Mutane da yawa idan suka ji an ce hukuma ta dakatar da ciniki, sai su ɗauka an kawo wa masu hannun jari ɗauki ne. Ba haka abin yake ba. Wanda dakatarwar take karewa shi ne wanda bai riga ya saya ba. Wanda kuɗinsa ke ciki kuwa, a gare shi ihu ne bayan hari, kuma ita kanta dakatarwar ce ke rufe masa ƙofar da zai bi ya fita da ɗan abin da ya rage. Duk mai son taɓa irin wannan jari ya kamata ya fahimci wannan kafin ya fara tunanin ko maganin zai yi aiki ko ba zai yi ba.

A dokar Amurka, hannun jarin kwabo shi ne wanda farashinsa bai kai dala 5 ba, musamman na ƙananan kamfanonin da ba sa cikin manyan kasuwanni irin Nasdaq da kasuwar New York. Da yawansu ma ba su kai dala ɗaya ba, wasu senti biyu ko uku. Ana cinikinsu a kasuwar gefe, wadda dillalai ke saye da sayarwa a tsakaninsu ta na'ura, kuma kamfanin OTC Markets ne ke gudanar da allon da ake liƙa farashi a kai. Sharuɗɗan shiga can ba su da tsauri kamar na Nasdaq. A 2016 wani masanin tattalin arziki na SEC, Joshua White, ya bi diddigin ciniki miliyan 1.8 na mutane sama da 200,000 a wannan kasuwa, ya tarar cewa abin da mafi yawansu suka kwasa asara ce mai nauyi, kuma asarar ta fi muni a hannayen jarin da aka yi wa talla.

Araha ce ke jan mutane. Mai dala 200 ba zai iya sayen ko hannu ɗaya na wasu manyan kamfanoni ba, amma da ita zai mallaki hannu 10,000 na kamfanin da ake sayarwa senti biyu. Sai ya zauna yana lissafi: in ya kai dala ɗaya, na zama mai dala 10,000. Lissafin daidai ne, sai dai bai tambayi hannu nawa kamfanin ya fitar gaba ɗaya ba, ko nawa zai ƙara fitarwa gobe.

To me ya sa kamfanonin binciken magani suka fi dacewa da wannan wasa? Kamfanin siminti ko na lemo ana iya duba nawa ya sayar, nawa ya ci riba. Ƙaramin kamfanin binciken magani ba shi da abin sayarwa tukuna, yana iya shafe shekara 10 ko 20 ba tare da ya sayar da ko ƙwaya ɗaya ba, kuma wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Magani sai ya wuce gwaji a kan dabbobi, sannan matakai uku a kan mutane: na farko a kan mutane 20 zuwa 100 don a ga ko yana cutarwa, na biyu a kan ɗaruruwan marasa lafiya don a ga alamar yana aiki, na uku a kan ɗaruruwa zuwa dubbai don a tabbatar. Ƙungiyar kamfanonin wannan fanni ta Amurka, BIO, ta duba gwaje-gwajen da aka yi tsakanin 2011 da 2020, ta ce cikin magungunan da suka shiga matakin farko kashi 7.9 cikin 100 ne kawai suka kai ga samun amincewa, kuma tafiyar tana ɗaukar shekara 10 da rabi a tsaka-tsaki. Wannan fa har da na manyan kamfanoni masu kuɗi da ƙwararru. Ke nan ko babu maƙaryaci ko ɗaya a harkar, cikin magunguna 13 kusan 12 za su faɗi a hanya.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Bisa al'ada FDA ba ta cika bayyana wa jama'a abin da ke tsakaninta da kamfanin da ya kawo mata buƙata, saboda ana ɗaukarsa sirrin kasuwanci. Saboda haka idan shugaban kamfani ya fito ya ce tattaunawa da hukuma tana tafiya lafiya lau, mai hannun jari ba shi da inda zai je ya ji ta ɗaya ɓangaren. Maganar shugaban ita ce kaɗai a fili. Shi ya sa abin da ya faru da wani kamfanin magani mai suna CytoDyn ya ja hankali: a watan Mayun 2021 FDA ta fito da kanta ta ce sakamakon gwajin maganinsa leronlimab bai nuna yana amfanar masu korona ba, abin da ba kasafai take yi ba. Hannun jarin kamfanin, wanda bai kai dala ɗaya ba a ƙarshen 2019, ya riga ya taɓa kusan dala 10 a tsakiyar 2020. A watan Disamban 2024 masu taya alƙali yanke hukunci suka sami tsohon shugabansa, Nader Pourhassan, da laifin yaudarar masu zuba jari.

Na uku shi ne tsoro. Idan annoba ta ɓarke, mutum yana so ya yarda cewa an samo magani. Wannan ya taɓa mu kai tsaye a 2014. Ebola, wadda daga ƙarshe ta kashe mutane sama da 11,000 a Afirka ta Yamma, ta shigo Legas a watan Yuli, ta ci ran likita Stella Adadevoh, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba. Wata guda bayan haka, ana ci gaba da binne gawarwaki a Laberiya da Saliyo da Gini, SEC ta dakatar da kamfanoni huɗu a rana ɗaya, cikinsu har da Immunotech Laboratories da Wholehealth Products, saboda shakku a kan abin da ake yaɗawa cewa suna da magani ko kayan yaƙi da Ebola. Abin yana da ciwo a ce mutuwar mutanen yankinmu ta zama abin tallan hannun jari a wata nahiya. Da korona ta zo aka maimaita, a 2020 kaɗai hukumar ta dakatar da kamfanoni sama da 30 a kan irin wannan iƙirari.

Ikon dakatarwa ya samo asali ne daga sashe na 12(k) na dokar kasuwar hannun jari ta 1934. SEC tana iya tsayar da cinikin kowane kamfani har kwana 10 na aiki idan ta ga maslahar jama'a ta buƙaci haka, ba tare da ta sanar da kowa tun da wuri ba. Dalilan da take bayarwa ba su da yawa: kamfani ya daina gabatar da rahoton kuɗinsa, ko akwai shakku a kan gaskiyar abin da ake faɗa game da shi, ko ana zargin ana murɗa farashi. A da hukumar takan sabunta kwana 10 ɗin ta yi ta jerawa, har cinikin wani kamfani mai suna Canadian Javelin ya tsaya sama da shekara guda. Wani mai suna Samuel Sloan ya kai ƙara, a 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hukumar ba ta da ikon jera dakatarwa a kan dalili guda. Tun daga lokacin kwana 10 kwana 10 ne.

A takarda ke nan. Ga kamfanin da ke kasuwar gefe, abin da ke biyo bayan kwana 10 ɗin shi ne ainihin hukuncin. Akwai wata ƙa'ida mai lamba 15c2-11 wadda ta ce dillali ba zai liƙa farashin saye ko sayarwa a allo ba sai ya duba bayanan kamfanin ya gamsu da ingancinsu. Kafin dakatarwa, dillalai suna dogaro da juna, wanda ya zo baya ya hau kan farashin da na gaba ya liƙa. Dakatarwa tana katse wannan igiya. Kafin a sake liƙa farashi sai wani dillali ya ɗauki nauyin binciken kamfanin da kansa, ya cika takarda mai lamba 211 ya miƙa wa hukumar dillalai, FINRA. Wane dillali ne zai sa hannunsa ya ce ya gamsu da bayanan kamfanin da SEC ta gama cewa tana shakkar bayanansa? Kaɗan ne ƙwarai. Sai hannun jarin ya koma inda babu allon farashi, babu wanda ya ɗauki alkawarin saye. OTC Markets takan liƙa masa alamar ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, gargaɗi ga duk mai niyyar saye. Daga watan Satumban 2021, bayan an tsaurara ƙa'idar, kamfanonin da ba sa fitar da bayanansu ana tura su wani ɓangare da ba a nuna wa talakawan masu zuba jari farashinsa, kuma dillalai da yawa ba sa barin abokan cinikinsu su saya a can.

Dubi mai hannu 10,000 ɗin nan da safiyar ranar da wa'adi ya cika. Ya buɗe wayarsa, hannun jarinsa na nan ba a taɓa ba, adadinsa cif. Ya sa umarnin sayarwa a farashin da aka tashi da shi kafin dakatarwa, shiru. Ya rage rabi, shiru. Masu son fita sun cika ƙofa, masu son shiga an hana yawancinsu, sauran sun tsorata. Idan ya dace ya sami mai saye, farashin da za a taya shi bai kai ya biya kuɗin dillanci ba. Idan kuma kamfanin ya ci gaba da ƙin gabatar da rahoto, SEC tana iya soke rajistarsa gaba ɗaya a ƙarƙashin sashe na 12(j), daga nan babu dillalin da doka ta yarje wa ya yi cinikinsa.

Adalci ne a faɗi cewa dakatarwa ba shaidar laifin kamfani ba ce. Aethlon Medical, wani kamfani a San Diego mai ƙera matatar jini, yana cikin na farko-farkon da aka dakatar a kan korona, a watan Fabrairun 2020, kuma dalilin da hukumar ta bayar ya shafi bayanan da wasu 'yan talla na waje ke yaɗawa game da na'urarsa. Da yake a Nasdaq yake, ciniki ya dawo bayan wa'adi. To amma zama a Nasdaq ma ba lamuni ba ne. SCWorx, kamfanin sarrafa bayanan asibitoci a New York, ya sanar ranar 13 ga Afrilun 2020 cewa ya sami odar kayan gwajin korona miliyan 2, kuma za a riƙa maimaita ta duk mako. Farashinsa ya tashi da sama da kashi 400 cikin 100 a rana guda. SEC ta dakatar da shi, da wa'adinta ya ƙare Nasdaq ta ci gaba da riƙe shi tana neman ƙarin bayani har watan Agusta. A 2024 aka sami shugabansa na lokacin, Marc Schessel, da laifin zamba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu hannun jari ke karɓar labarin dakatarwa. Maimakon su tsaya su yi tambaya, da yawa sukan ce makirci ne: manyan kamfanonin magani ne ke tsoron kishiya, ko masu cin riba daga faɗuwar farashi ne suka haɗa baki da hukuma. Wanda ya zuba kuɗin da ya tara shekara da shekaru, ya kuma jawo ɗan'uwansa da abokinsa suka zuba, yana da wuya ya yarda cewa an yaudare shi. Masu zamba sun san da wannan rauni. Berman, bisa abin da ma'aikatar shari'a ta bayyana, ya ƙirƙiri sunan bogi a intanet yana shiga cikin masu hannun jarin kamar ɗaya daga cikinsu, yana ƙaryata zargin zamba, yana tsoratar da masu son tona asiri, har ya sa wani daga cikinsu ya rubuta wa shugabannin SEC wasiƙun barazana. Wanda aka cuta shi aka mayar mai gadin wanda ya cuce shi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san kara. Mai saniya ya haɗa baki da wani ya zo yana taya ta da tsada, ba don zai saya ba, sai don baƙon da ke tsaye ya ɗauka darajarta ke nan ya ƙara kuɗi. Shi ne najashi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. A kasuwar hannun jarin kwabo masu taya na ƙarya su ne 'yan tallan da ake biya a ɓoye. A watan Afrilun 2017 SEC ta tuhumi mutane da kamfanoni 27 a kan rubuce-rubucen da aka wallafa a shafukan zuba jari da sunan sharhi mai zaman kansa, alhali biyan marubutan aka yi. Kamfanonin magani irin Galena Biopharma da ImmunoCellular Therapeutics suna cikin waɗanda abin ya shafa. Masu shirya wasan sun riga sun tara hannun jari da araha, idan jama'a suka yi tururuwa farashi ya hau sai su sauke musu.

Ko babu zamba, akwai wata hanyar da kuɗi ke zurarewa a hankali. Kamfanin da ba ya sayar da komai, albashi da kuɗin gwaji daga ina? Daga buga sababbin hannayen jari. A ce kamfani yana da hannu miliyan 100, kana da miliyan ɗaya, kasonka ɗaya cikin 100 ke nan. Ya buga ƙarin miliyan 400 ya sayar, kasonka ya koma ɗaya cikin 500 ba tare da ka sayar da ko ɗaya ba. Mafi muni shi ne bashin da ake biya da hannun jari a kan rangwame. Misali mai ba da bashi ya sharɗanta a ba shi hannu a kan ragin kashi 40 daga farashin kasuwa. Idan ana sayarwa senti 10, shi a senti 6 zai karɓa, ya sayar nan take. Sayarwarsa ta karya farashi zuwa senti 5, zagaye na gaba a senti 3 zai karɓa, wato ninki biyu na adadin farko a kan kuɗi ɗaya. Haka za a yi ta gangarawa. Idan farashi ya yi ƙasa da yawa sai a dunƙule hannaye, kowane 20 ko 100 su koma ɗaya, farashi ya yi kamar ya tashi, a sake sabon zagaye. Kamfanonin Nasdaq kan yi wannan dunƙulewa don tsira, domin idan farashi ya zauna ƙasa da dala ɗaya kwana 30 na aiki a jere, ana ba kamfani wa'adin kwana 180 ya gyara ko a fitar da shi.

Za a ce ai akwai waɗanda suka ci. Gaskiya ne, kuma Novavax ne misalin da ake yawan kawowa. A farkon 2019 gwajin rigakafinsa na wata cutar numfashi ya faɗi, farashinsa ya sauka ƙasa da dala ɗaya, a watan Mayu ya dunƙule hannaye 20 zuwa ɗaya. Ya shiga 2020 a wajen dala 4, a watan Fabrairun 2021 ya haura dala 300. Sai dai a duba bambanci. Kamfani ne da aka kafa tun 1987, yana Nasdaq, yana da ɗakunan bincike da masana da gwaje-gwajen da aka yi wa rajista, kuma a watan Yulin 2020 gwamnatin Amurka ta ba shi dala biliyan 1.6 don rigakafin korona. Duk da haka wanda ya saya a ƙololuwa ya ga farashin ya dawo ƙasa da dala 10 a 2023, shekarar da kamfanin da kansa ya ce akwai shakku a kan ko zai iya ci gaba da aiki.

Wannan magana ta shafe mu saboda yanzu matashi a Kano ko Kaduna yana iya sayen hannun jarin Amurka ta wayarsa, ta manhajoji irin Bamboo da Trove. Mafi yawan abin da suke bayarwa na manyan kasuwanni ne, amma Nasdaq ma cike take da ƙananan kamfanonin magani masu farashin dala ɗaya ko biyu, kuma can aka dakatar da Aethlon da SCWorx. Mai saye daga nan yana da ƙarin ƙofa a tsakaninsa da kuɗinsa: a watan Agustan 2021 Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin kotu na rufe asusun wasu daga cikin waɗannan kamfanonin manhaja na kwana 180 a kan batun canjin kuɗi. Ga kuma hawa da saukar naira a kan dala.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya sa kuɗin makarantar 'ya'yansa, ko jarin shagonsa, ko kuɗin aro a irin wannan wuri ba. Wanda ya ce lallai sai ya gwada da abin da zai iya rasawa gaba ɗaya, to aƙalla ya karanta abin da doka ta tilasta wa kamfani ya rubuta, ya bar abin da kamfani ya ga dama ya sanar. Rahotannin shekara da na wata uku-uku, masu lamba 10-K da 10-Q, suna nan kyauta a rumbun EDGAR na SEC, kuma kamfanin da ya yi watanni bai shigar da su ba ya riga ya ba hukuma dalilin dakatar da shi. Gwajin magani na gaske akan same shi a rajistar ClinicalTrials.gov da adadin marasa lafiya da asibitocin da ake yi. Kamfanin da bara yake harkar haƙar ma'adinai ko tabar wiwi, bana ya wayi gari da maganin annobar da ke cikin labarai, ba ya buƙatar dogon bincike. A cikin 10-Q ɗin kuma a nemi lambobi uku: kuɗin da ke hannu, abin da aka kashe a wata ukun da suka wuce, da adadin hannayen jari a bana idan aka gwada da na bara. Idan kuɗin ba zai kai kamfanin shekara guda ba, to sayar da sababbin hannaye na tafe, kuma sau da yawa irin wannan sayarwa takan biyo bayan sanarwa mai daɗin ji da 'yan kwanaki.